Maigadin da bai fito a bidiyonku ba

Ɗana,

 Mahaifiyarka ta turo mini bidiyon nan naku, ta biyo shi da saƙon murya mai tsawo, rabinsa kuka rabinsa faɗa, ta ce in yi maka magana tunda na taɓa zaman Ingila. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye maka ba, wurin ya ƙayatar. Ku huɗu cikin baƙaƙen riguna masu hula, kun keta gonar mutane da tsakar dare, kun sami inda shinge ya rankwafa kun haura, sai ga gari sukutum da aka gina saboda fim, da ƙofar birni da kasuwa da fada mai matakala, babu kowa sai ku da tocila. Na ji muryarka kana raɗa kana danne dariya. Na kuma ji abin da jagoran naku ya faɗa da kuka fito, wai ba ku fasa komai ba, ba ku ɗauki komai ba, saboda haka ba ku cuci kowa ba. Wannan maganar tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Son ganin abin da ke bayan katanga ba cuta ba ce, da shi aka haifi kowa, kuma ba ku kuka fara ba. Wani ɗan Kanada mai suna Jeff Chapman, wanda aka fi sani da laƙabin Ninjalicious, ya fara fitar da 'yar mujalla a kan wannan harka a Toronto tun 1996. Doguwar jinya ce ta kwantar da shi a asibiti, kwanciya ta ishe shi, ya riƙa zagaya benaye da lungunan da marasa lafiya ba sa zuwa. Ya mutu a 2005. Irinsa ne suka yaɗa ƙa'idar da abokinka yake maimaitawa, ta cewa hoto kawai ake ɗauka, ba a fasa, ba a sata. A kangon masana'antar da aka rufe shekara talatin, ko tsohon asibitin da ciyawa ta cinye, ƙa'idar tana da ɗan ma'ana. In bene ya rufta da kai, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma wataƙila hotonka ne kaɗai zai rage bayan katafila ta bi ta kan wurin. Ni kaina nakan so a ce wani mai kyamara ya shiga masaƙun Kakuri a Kaduna kafin a kwashe injinansu, ko jikokinmu sa ga inda kakanninsu suka ci abinci.

Amma inda kuka shiga ba kango ba ne. Wurin aiki ne da aka tashi daga gare shi da yamma, za a kuma dawo da asuba. Tsakanin tashi da dawowa an damƙa shi a hannun wani mutum, an rubuta sunansa a takarda, ya sa hannu. A bidiyonku ba a ga fuskarsa ba. Hasken tocilarsa kawai aka gani daga nesa, lokacin da kuka kwanta a ciyawa kuna jira ya wuce, har wanda ya haɗa bidiyon ya sa wani kiɗa mai tsinka zuciya a daidai wurin.

Na san mutumin nan, domin na yi aikinsa. A shekarun 1980, da kuɗin tallafin karatu ya riƙa maƙalewa a gida, da gadin dare na riƙe kaina. Na yi gadin wurin gini, na yi na sito, na yi na motocin 'yan fim in sun fito cikin gari. Awa goma sha biyu ne, daga magariba zuwa safe. Za a ba ka wani ɗan akurkin ɗaki mai hita ɗaya, da tocila, da oba-oba wadda sau da yawa babu kowa a ɗaya ɓangaren, da littafin da za ka riƙa rubuta lokacin kowane sintiri. Filin da ya kamata mutum huɗu su tsare, kai kaɗai ake bar wa, saboda kamfanin tsaron da araha ya ci kwangilar. In kana gabas ba ka yamma. Duk wanda ya laɓe na awa ɗaya zai gane tsarin zagayenka, ba sai mai wayo ba. Don haka dabarar da jagoranku yake alfahari da ita, ta wuce maigadi bai gani ba, ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Abin da ke faruwa bayan kun koma gida kun kwanta shi ne ba ku sani ba. Bidiyo ya hau intanet. Cikin kwana ɗaya ko biyu wani a ofishin fim ɗin ya gani, ya tura wa furodusa. Furodusa ya kira mai kula da lokeshan, shi kuma ya kira kamfanin tsaro, kowa na sauke wa na ƙasa da shi. Kamfanin tsaro na tsoron kada kwangila ta suɓuce, dole ya nuna ya ɗauki mataki. Sai a buɗe jadawali a duba wa ke aiki a daren. Kun ma sauƙaƙa musu, tunda kun faɗi ranar, kun nuna agogo. Ba za a kai shi kotu ba, ba za a ma ɗaga masa murya ba. Za a ce masa mai aikin ba ya son ganinsa a wurin, ya jira a kira shi. Wayar ce ba za ta sake ƙara ba.

Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, mutumin zangon Kumasi ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ɗan makaranta yake kirana. Shi ya koya mini in riƙa sauya hanyar sintiri, da yadda ake sallar asuba a ɗakin gadi ba tare da an bar ƙofa ba ido. Wani dare yana gadin wani dogon gini da ba a gama ba, wasu samari suka haura, suka hau ƙugiyar ɗaga kaya har ƙololuwa, suka ɗauki hoto suka sauka. Ko ƙusa ba su taɓa ba. A lokacin babu YouTube, amma hoton ya fito a wata 'yar jaridar unguwa, mutane suna yaba ƙarfin halin yaran. A makon aka cire shi daga wurin. Mutum ne da ya haura hamsin, yana biya wa yara kuɗin makaranta a gida, ga hayar ɗaki a Landan. Ya daɗe yana zarya ofis ana ce masa babu gurbi. Ƙarshen ganina da shi a wani masallaci ne, ya ce mini yana wankin tukwane a wani ɗakin girki, yana dariya wai aƙalla can akwai ɗumi. Samarin nan na tabbata har yau suna ba 'ya'yansu labarin daren, kuma a labarin nasu ba wanda aka cuta.

Yau ma abin bai sauya sosai ba. An dai ƙara lasisin hukumar SIA mai kula da masu gadi, wanda galibi maigadi ke biya daga aljihunsa, kuma da yawansu kwantiraginsu ba shi da tabbacin awa ko ɗaya a mako. Ka dubi fuskokin masu gadin jami'arku da na kantunan da kake shiga, ka ga 'yan ina ne. Kai da ka tashi a gidan da ke da maigadi, ka kuma san 'yan'uwanmu da Buzaye nawa ne ke kwana a bakin get a Legas da Akara, ka san wanda ake fara jefawa a motar 'yan sanda ran da aka wayi gari abu ya ɓace. Sannan bidiyon naku talla ta katse ni a cikinsa kafin in kai ƙarshe, wato akwai aljihun da kuɗi ke shiga. Saboda haka a daina cewa ba a ɗauki komai ba. Ka je ka sami mai shafin ka ce ya sauke bidiyon. In ya ƙi, ya yanke inda aka faɗi rana, da inda aka nuna sintirin mutumin, da inda shingen ya rankwafa. Yadda zai amsa maka zai nuna maka irin abokin da ka yi.

Za ka ce ku ba ɓarayi ba ne. Na yarda, na san tarbiyyarka. To shi ta yaya zai sani? A watan Fabrairun 2022 aka fasa motocin shirin The Crown a Mexborough, yankin Yorkshire, aka kwashe kayan ado na kimanin fam 150,000. A cikin watan dai, a Nanterre kusa da Faris, wasu mutum kusan ashirin da suka rufe fuska suka auka wa masu ɗaukar Lupin da tartsatsin wuta, suka gudu da kayan aiki na kusan yuro 300,000. A Yulin 2023, lokacin da yajin aikin 'yan wasan Amurka ya tsayar da fim na biyu na Beetlejuice a ƙauyen East Corinth na jihar Vermont, wasu suka tuge turken fitila suka loda a mota, aka kuma sace wani mutum-mutumi mai nauyin kusan kilo 68. Waɗannan labarai su ake karanta wa masu gadi kafin su kama aiki. Mutum shi kaɗai da ƙarfe biyun dare, ya hangi ƙarti huɗu sun rufe kai, ba zai tsaya tambayar ko kyamara ce a jakarsu ba. In akwai kare a wurin, shi ma ba ya tambaya.

Sai maganar ginin kansa, wadda ita ce ta fi tayar wa mahaifiyarka da hankali, kuma tana da gaskiya fiye da yadda ta sani. Ka san ginshiƙan nan da masu kwalliyar ɗakin biki ke jerawa a bayan amarya da ango, ka rantse marmara ce, an tashi biki sai ka ga yaro ya saɓa biyu a kafaɗa? To garin da kuka shiga haka yake, girma kawai ya fi. Katako ne siriri da filasta da farin kumfa irin na kwalin talabijin, an shafa fenti, an tokare ta baya da ƙarafa. Don ido aka yi shi, idon ma na kyamara, daga kusurwa ɗaya. Matakalar da kuka hau tana iya ƙarewa a sarari. Barandar da abokinka ya jingina da ita wataƙila ƙusa huɗu ke riƙe da makarinta, don a iya cire shi in za a shigo da kyamara. A ƙasa akwai ramuka da aka rufe da allo, da wayoyin lantarki masu kauri, da bututun gas in akwai fitowar da wuta za ta tashi. Ma'aikatan da rana suke shiga, bayan an tara su an faɗa musu inda za a taka da inda ba za a taka ba, duk da haka tsautsayi na samun su. A Yunin 2014, a sutudiyon Pinewood, ƙofar ƙarfe ta jirgin fim mai suna Millennium Falcon ta sauko wa Harrison Ford ta karya masa ƙafa, yana da shekara 71. Masu bincike suka kwatanta ƙarfin ƙofar da nauyin ƙaramar mota, kotu ta ci kamfanin fim ɗin tarar fam miliyan 1.6 a 2016. Wannan fa babban jarumin fim ɗin ke nan, ga fitilu a kunne, ga masu agajin gaggawa a tsaye, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibiti. Ku kuwa a duhu kuka shiga, ba wanda ya san kuna ciki, kuma da ɗayanku ya faɗa rami, sauran sai sun tsaya shawarar ko kiran motar asibiti zai tona musu asiri. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ga kuma wuta. Na ga ɗayanku da sigari a hannu. Katako da kumfa da fenti da yadi, in sun kama, kafin a ɗebo ruwa an gama. Ina ƙasar a 1984 lokacin da babban zauren 007 na Pinewood ya ƙone ƙurmus, aka sake gina shi, ya sake ƙonewa a 2006. A Indiya, a Fabrairun 1989, gobara ta tashi a wurin ɗaukar The Sword of Tipu Sultan a Mysore, mutum 62 suka mutu, jarumin shirin, Sanjay Khan, da ƙyar ya sha. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sutudiyon Universal a Kalifoniya, ranar 1 ga Yunin 2008. Ma'aikata ne suka yi gyaran rufi da wutar gas da dare, suka gama, suka zauna awa guda suna sa ido kamar yadda ƙa'idar wurin ta ce, ba su ga komai ba suka tafi. Kafin gari ya waye titunan fim sun kama, har da rumbun ajiyar faya-fayan kiɗa na asali. Wanda ya fara hango wutar maigadi ne. Da guntun sigarin abokinka ya yi irin wannan aiki, mutumin da kuka yi wa dariya shi zai ruga ciki ya duba ko akwai rai.

Na san sun ce maka a Ingila shiga filin wani ba laifin ɗauri ba ne, tsakaninka ne da mai wurin. Rabin gaskiya suka faɗa maka. Da zarar waya ɗaya ta shinge ta tsinke, an koma maganar ɓarna. In an sami filaya ko abin yanka a jakar ɗayanku, an koma maganar shirin sata. Akwai kuma dokar 1994 da ta mai da kutse laifi in an yi shi don kawo cikas ga aikin halal. Da ita aka kama wasu samari biyu 'yan YouTube da suka haura gidan shirin Celebrity Big Brother a sutudiyon Elstree a Janairun 2018, kotu ta same su da laifi. Su 'yan ƙasa ne, sun yi hukuncinsu sun koma gidan iyayensu, har labarin ya ƙara musu mabiya. Kai da bizar ɗalibi kake zaune. Fom ɗin da za ka cike nan gaba, na sabunta biza ko na ƙasashe da dama, zai tambaye ka ko an taɓa samunka da laifi, kuma jami'ar da ta tsaya maka tana da ikon janye hannunta. Filin da mahaifinka ya sayar don karatunka ba zai dawo ba. Akwai kuma abin da ba a rubuta a doka ba, amma ni da kai mun sani: ɗan sanda in ya haska fuskoki huɗu a bayan shinge, ba kallo ɗaya yake yi musu ba.

Ka buɗe Suratun Nur, daga aya ta 27 zuwa ta 29, ka karanta da tafsiri. An yi maganar neman izini kafin shiga gidan da ba naka ba, an yi maganar gidan da ka tarar babu kowa, an kuma yi maganar wanda aka ce masa ya koma. Akwai sassauci a kan wuraren da ba mazaunin kowa ba ne, malamai suka kawo misalin masaukin matafiya da shaguna, wasu ma suka sa kangwaye a ciki. Amma wurin da aka kewaye da shinge, aka kafa allo, aka ɗauki mutum ana biyansa ya kwana a ƙofa, an riga an ce maka ka koma tun ba ka iso ba. Abu Musal Ash'ari ya yi sallama sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, bai ji amsa ba ya juya, kuma shi sahabi ne da aka aika a kira shi.

Kada ka ɗauka 'yan fim nake kare wa, su ma sun yi irin taku. A ranar 20 ga Fabrairun 2014, masu shirya wani fim mai suna Midnight Rider a jihar Jojiya ta Amurka suka hau gadar jirgin ƙasa da ke kan kogin Altamaha, bayan kamfanin jirgin ya hana su izini. Lissafinsu shi ne za su yi sauri su sauka, ba wanda zai sani. Suka gicciye gadon asibiti na ƙarfe a kan layin dogo. Jirgi ya taho. Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara, 'yar shekara 27, ita ta mutu, wasu suka jikkata. Daraktan, Randall Miller, ya amsa laifin kutse da kisa ba da niyya ba a 2015, ya tafi gidan yari. Ba ita ta yanke shawarar hawa gadar ba, biyo manya ta yi, tana zaton sun san abin da suke yi. Da na sake duba bidiyonku, na ga kai ne mai riƙe wa jagoranku tocila, kai ne kuma na ƙarshe wajen haura shinge.

In son ganin yadda ake ƙera waɗannan garuruwa ne ya kama ka da gaske, akwai ƙofofi. Sutudiyon Leavesden, inda aka yi Harry Potter, tun 2012 yake karɓar baƙi da tikiti, daga Landan tafiyar 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa. Na Game of Thrones yana Banbridge a Ayalan ta Arewa, an buɗe shi a 2022. A Warzazat ta Maroko, sutudiyon Atlas, ɗan rakiya zai kai ka har gaban haikalin Fir'auna, ka zagaya bayansa ka ga katakan da suka tokare shi da rana tsaka. Fadar Bahubali tana nan a Ramoji, kusa da Haidarabad, tantunan su Ertugrul kuma suna Riva, a gefen Istanbul. Za ka ce wannan kallon 'yan yawon buɗe ido ne, babu bugun zuciya a ciki. Haka ne.

To ga wadda ta fi. Duk lokacin da za a ɗauki fim a wata unguwa, sai an jefa wa mazauna takarda ta ƙofa, da suna da lambar mai kula da lokeshan. Waɗannan mutane kullum cikin neman hannu suke, masu tare hanya, masu nuna wa motoci wurin tsayawa, masu roƙon jama'a su yi shiru in an fara ɗauka. Bizarka ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu. Ka fara zuwa ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku su tabbatar maka irin aikin da ya halatta gare ka, sannan ka kira lambar, ka faɗi sunanka na gaskiya. Za ka ga kafintoci da masu fenti suna mai da kumfa dutse a gabanka, a ba ka abincin rana, a kuma biya ka. In ka yi lasisi har aka sa ka kwanan dare da motoci, ka haɗa safa biyu masu kauri, ka cika filas da shayi mai citta, domin sanyin ƙarfe ukun dare ta ƙafa yake shiga.

Kawunka.